Haƙora Uku, Giram Biyu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe sha biyu da rabi na rana

An kawo kwalin da safen nan. Masinja ya dire mini shi a kan tebur ya juya, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. Faifan giyar inji ne a ciki guda ɗaya, irin namu, faɗin tafin hannu, an naɗe shi da tsumma. Haƙora arba'in da biyu ya kamata in ƙirga. Na ƙirga sau biyu, talatin da tara ne.

Bari in rubuta abin da na sani, ko hankalina zai dawo jikina. Shekarata tara a ɗakin gwajin masana'antar nan. Roba muke narkawa, da zaren gilashi a cikinta don ta yi ƙarfi, a zuba a mazubi ta fito faifai mai haƙora. Aikina shi ne in ɗora faifan a inji, in sa masa nauyi, in juya shi har ya karye ko ya ƙi karyewa, sannan in sa hannu cewa zai yi shekara kaza yana aiki. Wannan samfurin a injin ɗaga marasa lafiya ake sa shi, wanda ke ɗauko mutum a cikin majanyi daga gado ya kai shi kujera. Shekara goma na rubuta masa. Wata goma sha huɗu ya yi.

Takardar da ta biyo kwalin ta ce wata tsohuwa ce a wani gidan jinya. Tana sama a majanyi lokacin da ya karye. Ba su sa sunanta ba, “mai jinya” kawai suka rubuta. Sauran bayanin na karanta, ba kuma zan kwafe shi a nan ba.

Juyi miliyan biyu na yi wa guda shida kafin in sa hannu, ko tsagewa ɗaya bai yi ba. Takardun suna durowa. Na bi ƙa'ida.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na tura kwalin bayan kabad inda ba zan riƙa ganinsa ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An yi taro a ofishin Manaja. Shi mutum ne da in tsoro ya kama shi sai ya yi ta murza agogon hannunsa, yau kuwa saura kaɗan ya tsinke shi. Aka kira Baba mai zubi daga ƙasa, ya shigo da safar hannunsa a aljihu, ya ƙi zama. Shekararsa talatin da ɗaya a kan injin zubi, saura wata takwas ya yi ritaya.

“Baba, lambar da ke jikin faifan nan ta zubinka ce?” in ji Manaja.

“Duk faifan da ya fita daga gidan nan zubina ne, ranka ya daɗe.”

“A wannan zubin ka haɗa da niƙaƙƙe?”

Niƙaƙƙe shi ne ragowar robar da ake gutsurewa a bakin mazubi, a niƙa ta a mayar cikin sabuwa. An yarda da kashi ɗaya cikin goma. In ya wuce haka zaren gilashin yakan gajarce, ƙarfin faifai ya ragu. Ba kullum ake haɗawa ba, sai ranar da ta taru.

“Na sa. Gwangwani ɗaya a cikin goma, yadda aka ce.”

“Ka auna a sikeli?”

“Ranka ya daɗe, da gwangwanin nan nake awo tun kana makarantar firamare.”

Wasu suka yi dariya, dariyar da ba ta amfane shi da komai ba. Manaja ya rubuta wani abu ya ja layi a ƙarƙashi. Nan take aka yanke cewa zubin ranar ne matsalar, fayafayai arba'in, su za a janyo daga gidajen jinya. Sauran ɗari huɗu da goma sha biyu da ke waje su ci gaba da aiki.

Sai ya juyo gare ni. “Injiniya, ke gwajinki ba matsala ko?”

“Ba matsala,” na ce. Da sauri na faɗa, har na ji kunyar saurin.

A matakala Baba ya tsaya jirana. Shi ya fara nuna mini yadda ake riƙe faifai mai zafi ranar da na zo wurin nan da takardar digirina da girman kaina, ban san komai ba.

“'Yar gidana,” ya ce, “ki duba mini shi da kyau a madubin nan naki. In ni ne, ki faɗa mini kafin ki faɗa musu. Ba na so in ji a bakin wani.”

Na ce to.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na sa gurbin haƙoran a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Zaren gilashin dogaye ne, tsawonsu daidai da na kowane zubi. Da niƙaƙƙe ya yi yawa da na gan su gutsi-gutsi. Abin da na gani dabam ne: zaren sun zare daga cikin robar tas, sumul, kamar ba ta taɓa riƙe su ba.

Sai na ɗora shi a sikeli, don sabo kawai. Sabon faifai giram sittin da ɗaya ne. Wannan, da ya rasa haƙora uku, giram sittin da uku. Na zagi sikelin, na goge shi, na gwada shi da dutsen awo. Lafiyarsa ƙalau. Abu ya ragu amma ya ƙara nauyi.

Ban sauka wurin Baba ba. Me zan ce masa, alhali ni ma ban gane ba?

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ranar wankan Inna ce. Tun da ɓarin jikinta ya shanye bara, ni da Auta ƙanwata muke ɗaukarta daga gado zuwa kujerar banɗaki, ni kafaɗu ita ƙafafu. Inna tana son ruwa da zafi sosai, sai tururi ya cika wurin har ba ma ganin juna.

“Yaya, ke da kuke ƙera injin ɗaga mutane, ki samo mana ɗaya mana,” in ji Auta tana dafe ƙugu. “Tsohuwar nan kullum cewa take ba ta cin abinci, amma ji nauyi.”

Inna ta harare ta da idon da ke aiki. “Uwarki ce mai nauyin,” ta ce da harshenta mai nauyi, muka kwashe da dariya har da ita.

Auta ta yi shekara biyu tana aiki a gidan jinya kafin ta yi aure. Na tambaye ta, kamar da wasa, a ina suke ajiye injin.

“A banɗaki mana. Ai can aka fi bukatarsa. Daga asuba zuwa azahar mutum ashirin za a yi wa wanka, yana tsaye a cikin tururi. In an gama a watsa masa ruwan zafi a goge. Bai taɓa bushewa ba, Yaya.”

Ina riƙe da soso na kalli madubin bango, ruwa yana gangarowa a jikinsa.  Giram biyun nan ruwa ne.

Auta ta ce, “Lafiya? Sabulu zai shiga idon Inna.” Na ce jiri ne ya ɗebe ni.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Karatun farko da ake koya wa kowa a gidan nan shi ne danshi abokin gaba ne. Ƙwayoyin robar nan suna tsotsar laima daga iska, dole a busar da su awa huɗu a tanda kafin a narka, in ba haka ba faifai ya fito da kumfa a ciki. Saboda haka komai a leda muke ɗaure shi. Ni kuwa na fi kowa zaƙewa, har Uwar Leda suke kirana a bayan idona, ina jin daɗin sunan ma. Faifan gwaji yana fitowa daga mazubi nake jefa shi a leda da ƙunshin tsotse danshi, in liƙe, in hau da shi ɗakina mai na'urar sanyi. Na taɓa yi wa mai shara tatas don ta bar leda ɗaya a buɗe.

Wato fayafayan da na gwada babu irinsu a duniya wajen bushewa. Waɗanda aka sayar kuma a cikin tururi suke kwana suke tashi. Robar nan in ta ƙoshi da ruwa takan yi laushi, ta kumbura, ta saki zaren da ke ba ta ƙarfi. Na san wannan. Yana cikin littafin da na ci jarrabawa da shi. Takardar masu haɗa injin ta ce “daga gado zuwa kujera”, na hango ɗakin kwana a raina, ban tambayi wace kujera ba.

Amma zato ne kawai. Ba a rusa aikin shekara tara a kan zato. Na ɗauko sababbi shida daga zubin da ba niƙaƙƙe a ciki, na zuba a tukunyar ɗumama ruwa, na tsayar da zafin a digiri saba'in, na rufe. Mako guda a ruwan zafi zai yi musu abin da shekara ke yi a banɗaki. Mai shara ta tambaya, na ce wanke su nake.

Babu wanda ya ce mini banɗaki. Na bi ƙa'ida.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An dakatar da Baba. Na ji ƙarar injinsa ta tsaya da ƙarfe sha ɗaya. Ban sauka ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Na auna na cikin tukunya: giram sittin da biyu da rabi. Kullum ƙaruwa suke.

Jiya na yi wa Baban yara tsawa a kan ya bar murfin tulu a buɗe. Ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba, ya rufe, ya fita. Haushin kaina nake ji, sai wanda ya gifta ya kwasa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na ɗora na farko da ƙarfe takwas, nauyi ɗaya, gudu ɗaya da wancan gwajin. Injin yana juyi dubu talatin a awa. Busassun sun yi kusan kwana uku a kai suna juyawa, na gaji na kashe.

Wajen azahar sautin ya canja. Faifai mai lafiya shuu yake yi, wannan ya fara wani ƙas-ƙas a hankali. Farin gari ya fara taruwa a ƙarƙashinsa. Na zauna na zuba masa ido ina roƙon Allah ya sa ya kai gobe, kamar mai jinyar ɗa.

Ƙarfe huɗu saura minti shida ya ce ƙwas. Haƙora biyu suka bugi murfin gilashin, nauyin ya sauka ƙasa gaba ɗaya, har teburin ya girgiza. Juyi dubu ɗari biyu da talatin da bakwai.

Ƙarar saukar nauyin nan ce ba ta bar kunnena ba. Buhun ƙarfe ne a wurina. A can ba buhun ƙarfe ba ne.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na biyu ya karye a juyi dubu ɗari biyu da goma. Ban da sauran zato da zan ɓuya a bayansa. Ba Baba ba ne.

Na rubuta lambobin a wata takarda dabam, na sa a jakata.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe tara na safe

Wata takardar ta zo daga gidan jinyar. Sun daina rubuta “mai jinya”. Da wata kalma suke kiranta yanzu.

Allah ya jiƙanta. Ban san ko tana da 'ya'ya mata ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Baba ya zo kwashe kayansa. An ba shi takardar sallama, ba ta ritaya ba, an rubuta sakaci a ciki. Ya rame, rigar ta yi masa yawa a wuya. Ya hawo har ɗakina da 'yar jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa don ya san ba na son a shigo da takalmin ƙasa.

“'Yar gidana, kin duba?”

Tukunyar tana bayana, guda huɗu suna ciki. Takardar tana jakata, jakar tana kan cinyata.

“Ina kan dubawa, Baba.”

Ya gyaɗa kai. “Na yi ta tunani. Wataƙila ranar hannuna ya zarce. Tsufa ne, mutum ba ya sanin lokacin da ya fara. Abin da ke hana ni barci baiwar Allahn nan ce. A ce da hannuna.” Ya dubi tafin hannunsa. “Jikokina ma na daina ɗaukarsu.”

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.”

Ya ce amin. Ya sa mini albarka, ya sauka.

Ban taɓa raina kaina kamar yau ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa wa Baban yara komai, muna zaune a tsakar gida yana gyaran keken ƙaramarmu. Ya ɗago ya dube ni.

“To in kin faɗa me zai faru?”

“Za a janyo duka. Za a wanke Baba. Ni kuma sa hannuna ne a takardar.”

“Za su kore ki?”

“Kora mai sauƙi ce. Ba mai sake ba ni ko ƙusa in gwada.”

Ya juya tayar keken, ya tsayar da ita da yatsa. “Ni dai ba zan ce miki ki yi shiru ba, ba kuma zan ce ki faɗa ba. Amma kwana goma ke nan ba ki ci abincin kirki ba, kina faɗa da murfin tulu. In haka shirun yake, ban ga ribarsa ba.”

Na so ya ce in yi tunanin yara. Da ya faɗi haka da na sami wanda zan jingina wa abin. Ya ƙi ba ni, na ji haushinsa har raina.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kai wa Manaja takardar da fayafayan da suka karye, guda huɗu yanzu. Ya karanta a tsaye, ya tashi ya rufe ƙofa da kansa.

“Wa ya sa ki wannan gwajin?”

“Babu.”

“Wa ya sani?”

“Kai kaɗai, ranka ya daɗe.”

“Injiniya, dafa faifai a tukunya ba gwaji ba ne, girki ne.” Ya yi 'yar dariya, ni ban yi ba. “Ran Alhamis mai bincike za ta zo daga hukuma. Mun riga mun ba su amsa, sun karɓa. Ki bari ta zo ta tafi. Bayan nan sai mu canja robar a hankali, mu riƙa musanya su ɗaya bayan ɗaya da sunan gyara. Wata shida an gama, ba wanda ya ji kunya.”

“Baba fa?”

“Baba ya riga ya tafi. Tona wannan ba zai dawo da matar nan ba, ke zai binne. Ke nake karewa, ki gane.”

Abin takaicin shi ne na gane. Har sauƙi na ji ya sauko mini a ƙirji, na ce a raina ai na faɗa wa na gaba da ni, na sauke nauyi. Ya sa takardar a durowarsa ya murza makulli. Fayafayan ya miƙo mini ya ce in zubar.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Wata shida. Mutum ashirin a kowace safiya, a kowane banɗaki. Na fara lissafin na bari.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Wani kwalin ya zo, daga wani gidan jinyar dabam. Masinja ya yi kuskure ya kawo mini maimakon ofishin Manaja. Wannan bai karye ba tukuna, amma gindin haƙora biyar ya tsage, ana gani da ido. Lambarsa ba ta cikin arba'in ɗin da aka janyo. Babu niƙaƙƙe a zubinsa ko ƙwaya.

Da 'yar wasiƙa a ciki da rubutun hannu, ta wata ma'aikaciyar jinya. Ta ce tana ɗaga wani dattijo daga bahon wanka ta ji injin yana ƙas-ƙas, sai jikinta ya ba ta, ta rungume shi ta kira a taimaka. Ta ce a yi haƙuri in ta ɓata mana lokaci, ita ba ta san inji ba.

Ita da ba ta san inji ba ta rungumi mutum. Ni da na sani na rungumi jakata.

Giram sittin da uku da rabi.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Mai binciken mace ce mai furfura a goshi, ba ta da yawan magana. Manaja ya zagaya da ita, ya nuna mata gwangwanin Baba kamar wanda ya kama ɓarawo da kaya. Suka hawo ɗakina. Ta duba takarduna na da, ta yaba da tsabtar wurin, ta ɗaga leda ɗaya ta ce ba ta taɓa ganin inda ake adana samfuri da kyau haka ba.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta rufe fayil ɗinta ta ce, “Akwai abin da kike so ki ƙara?”

Manaja yana bayanta yana murza agogo. Na zauna. Na jawo jakata na zazzage a kan tebur: huɗun da na karya, da na jiya, da wasiƙar.

“Ledar nan da kika yaba ita ce matsalar,” na ce. “A bushe na gwada su, a jiƙe ake aiki da su. Ba zubi ɗaya ba ne, duka ne. Mai zubin ba shi da laifi. Ni na sa hannu.”

Ban san muryata za ta fito a daidai haka ba. Ta ja kujera ta zauna, ta sake buɗe fayil ɗin, ta ce in fara daga farko, in kuma ba ta ranaku. Na ba ta ranakun yadda suke. Da na zo kan ran Litinin da na kai masa takardar, Manaja ya ce zai je ya ɗauko wata takarda, bai dawo ba.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An karɓi makullin ɗakin gwaji daga hannuna. Kafin a san yadda za a yi da ni, mai binciken ta sa an ba ni tebur a ƙasa da waya da jerin gidajen jinya, tunda ni na san abin da zan ce musu. Tun safe magana ɗaya nake maimaitawa: ku daina amfani da shi yanzu, ku ɗaure masa tsumma ja, kada a ɗaga kowa. Wasu su gode, wasu su zage ni, wata ta ce to da me za su yi wa mutane wanka gobe. 

Ma'aikata suna wucewa ta gaban teburin ba mai kallona. Mai shara ce kaɗai ta ajiye mini ruwa.

Cikin ɗari huɗu da goma sha biyun, an samu ɗari uku da arba'in da tara. Sauran an sayar wa 'yan kasuwa, sun sayar wa gidajen mutane, ba lamba ba adireshi.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na je gidan Baba. An riga an aika masa takardar wanke shi ran Juma'a, amma na ce sai ya ji daga bakina, ko da yake na makara. Na same shi a kan benci a ƙofar ɗakinsa, jikarsa tana wasa a ƙasa nesa da shi kaɗan. Matarsa ta kawo mini kujera ta koma ciki.

Na yi masa bayani tun daga sikeli har tukunya. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na zo kan ruwan sai ya ce, “Ikon Allah. Mu muna ta gudun danshi, ashe can za su.” Har ya ɗan yi murmushi. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an wuce wurin.

Sai ya ɗago. “Yaushe kika sani?”

Da na ce ran Laraban nan da ya yarda, ba shi da hanyar ganewa. Na ce, “Na tabbatar ran sha bakwai. Na fara zargi ran takwas.”

Ya ƙirga a yatsunsa a hankali, leɓensa yana motsi.

“Ran takwas ina kan injina.”

“E, Baba.”

“Ranar da na hawo ɗakinki da jakata, na ce miki na daina ɗaukar jikokina.”

“Na sani a lokacin.”

 Na durƙusa na ce ya yafe mini, hawaye ya ƙwace mini, abin da ban yi a gaban Manaja ko mai bincike ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙa hannu ya kira jikarsa, ya ɗora ta a cinya, ya riƙe ta da hannu biyu.

“Saura nawa a waje?”

“Sittin da uku.”

“Sittin da uku,” ya ce, “kina nan kina yi mini kuka? Tashi ki je ki nemo su.”

Na tashi na ɗauki jakata. Bai raka ni ƙofa ba.